Tsohon Babur, Sabon Mahayi

Ɗana, tunda ka ƙudurta tayar da tsohon babur ka koyi hawa a kansa, ban ga laifinka ba, kuma ba zan hana ka ba. Ba kai kaɗai ba ne. Duk wanda ya biyo titin Gwarzo daga Kabuga zuwa nan Rijiyar Zaki, in ya dubi rumfunan kanikawa, zai ga baburan da suka shekara a jingine a zaure an jawo su waje ana kakkaɓe musu ƙura. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, naira kuma ta karye, kuɗin mota ya ninka, sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya. Saurayin da ke tara na kansa da ɗinki ko leburanci ko ɗan noman rani, ina zai kai? Komawa ga tsoho dabara ce mai kyau in an san ta inda za a ɓullo mata. Abin da ya sa na ce ka zauna mu yi magana shi ne ta ina za ka fara, don a nan ne sa'o'inka suke zubar da kuɗinsu, wasu har da lafiyarsu.

Na sha ganin yadda abin yake tafiya. Yaro ya samu ɗan abin hannu, ranar farko sai wajen mai fenti. Kashegari a cire salansa a fafe cikinta don ta riƙa ƙara, a kwance madubai wai na dattawa ne, a manna sitika, a ɗaura fitilu masu launi a ƙarƙashin tanki. Kafin a zo kan birki da taya kuɗi sun ƙare, sai a ce a lallaɓa da na jiki zuwa wani watan. To, roƙona gare ka, ka fara daga inda suke ƙarewa. Nairarka ta farko ta tafi ga abin da ke tsayar da babur, ta biyu ga abin da zai sa a gan ka da dare, ta uku ga inji. In wani abu ya yi saura, mai fenti yana nan, ba inda za shi.

Amma tun kafin a taɓa sifana akwai maganar takarda. Babur na hannu, ko a wurin ɗan'uwa ka saya, ka nemi rasit na asali. Ka durƙusa da kanka, ka goge maiƙon jikin inji da tsumma, ka karanta lambar da aka buga a kan ƙarfen, ka duba ta shasi a wuyan babur, ka gwada su da abin da ke takarda harafi da harafi. In ka ga alamar an kankare lamba ko an sake buga ta, ka yi sallama ka tafi, komai arharsa. Satar babur ta yi yawa, kuma ranar da mai shi ya gane kayansa a ƙarƙashinka, da kai 'yan sanda za su fara. A rubuta takardar ciniki da sunan mai sayarwa da unguwarsa, shaidu biyu su sa hannu, in da hali a gaban mai unguwa. Idan kuwa na gado ne, wanda mahaifi ko kawu ya rasu ya bari, kada ka sa masa ko kwabo sai an yi rabo an san hannun wa ya faɗa. Na ga gidan da zumunci ya yi tsami saboda saurayi ya kashe kuɗinsa ya tayar da babur ɗin marigayi, da ya yi kyau sai sauran magada suka nemi haƙƙinsu, kuma gaskiyarsu ce.

Sai zaɓin iri. Mu da muka ga zamanin Udoji, lokacin da aka biya ma'aikata ariyas a 1975 gari ya cika da sababbin babura, har gobe zuciyarmu tana wajen Vespa da Honda Benly da Roadmaster da Suzuki da Yamaha. Ƙarfe ne na gaske, ba musu. Duk da haka ba zan ce ka koyi hawa a kan Roadmaster ba. Yana da nauyi, in ya kwanta a yashi sai ka nemi mai taya ka ɗagawa, kayansa kuma sun yi wuya, za ka yi ta zarya tsakanin Ƙofar Ruwa da Sabon Gari kana neman abu guda, babur yana zaune. Abin da ya dace da kai ƙaramin inji ne, mai lamba 100 zuwa 125, wanda kayansa ke rataye a kowane shago daga nan har Janguza: Boxer, ko roba-roba wanda ba shi da kulochin hannu, ko ɗaya daga cikin na ƙasar Sin da aka kwaikwayi injin Honda CG.

Injin CG ɗin nan yana da labari. Kamfanin Honda ya fitar da shi a 1975, bayan ya tura ma'aikatansa ƙasashen kudu maso gabashin Asiya su ga yadda talaka yake amfani da babur. Suka tarar ana loda masa mutane da kaya fiye da ƙima, ba a canza baƙin mai a kan lokaci, ba a zuwa wajen gyara sai ya ƙi tashi. Suka koma suka ƙera inji mai sauƙin haɗi, mai jure sakaci. Shi ya sa har yau ake kwafarsa, kuma kowane bakanike a Kano ya san cikinsa. Ba izinin sakaci nake ba ka ba. Nufina, injin da ke yafe kuskure shi ya fi dacewa da mai koyo. Shi kuwa Jincheng ɗin da 'yan acaɓa suka yi ta fama da shi kafin zuwan Boxer, wanda aka ɗauko daga Suzuki AX100, gidansa daban ne: yana ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ya sa yake tafe yana hayaƙi. Gyaransa da arha, amma ya fi shan mai, yana zabura in an murɗa, kuma in famfon da ke tura masa baƙin mai ya mutu ba ka sani ba, fistin zai iya kamawa kana cikin gudu, tayar baya ta ƙulle. In shi Allah Ya hore maka, a gwada famfon a gabanka.

Ranar da za ka je dubawa ka yi sammako, ka ce kada a tayar da shi kafin ka iso. Ka ɗora hannu a kan inji, in ka ji ɗumi an riga ka, ka dawo gobe, domin sai inji yana da sanyi ciwonsa yake fitowa. Ka buga kik da kanka. In ƙafarka ta zurma ba turjiya, zobban fistin sun cinye ko bawul ba ya rufewa. In ya tashi, ka koma baya ka dubi hayaƙi: a inji irin na Boxer shuɗi yana nufin yana shan baƙin mai, baƙi kuma fetur ne ya yi masa yawa. Waɗannan ba su isa su hana ciniki ba, sai dai su rage farashi, tunda inji ana buɗe shi a sabunta.

Abin da ke hana ciniki gangar jiki ne. Baburanmu na wannan yankin sun ga rayuwa. Aikin da jakuna suke yi a da, su shiga birni da itace su fito da taki zuwa gonakin da ke kewaye da Kano, yau babur ne ya gaje shi: buhun masara biyu, jarkokin ruwa, kwandunan tumatir, akuya a ɗaure, a kan hanyar da ba kwalta. Irin wannan lodin yana tsaga ƙarfe a ƙarƙashin sirdi, da wajen da inji ya zauna, da wuya. A cire tanki da sirdi ka duba da idonka. Walda a kariya ba komai ba ce. Walda a wuya kuwa, ko shasin da ya taɓa lanƙwashewa aka miƙe shi da wuta, ka bar wa mai shi kayansa. Wani ya riƙe maka babur a miƙe, ka tsuguna daga baya ka hango ko tayar baya tana bin sawun ta gaba. Wanda ke tafiya a karkace gwani ma kokawa yake da shi, balle kai da hannunka bai faɗa ba.

In ciniki ya faɗa, sai neman bakanike. Kada ka bi wanda ya fi cika baki ko wanda samari suka fi taruwa a rumfarsa. Ka tambayi masu kai kayan gwari kasuwa da asuba wa yake yi musu gyara, don su in babur ya tsaya abincinsu ya tsaya, ba sa zama da wanda bai iya ba. Ku yi tsadar aiki tun farko, ka ce kai za ka sayo kaya tare da yaronsa, kuma duk abin da aka cire a ba ka tsohon. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. In ya gama ka biya shi cif ba ja-in-ja, guminsa ne.

Ga kuma shawarar da na fi so ka riƙe: kada ka ajiye masa babur ka tafi. Ka nemi izininsa ka zauna a benci, ka miƙa sifana, ka wanke noti, ka zuba ido. Mai iyawa zai shimfiɗa buhu a ƙasa don kada yashi ya taɓa kayan ciki. Zai zuba ɗan fetur a gutsuren galan, duk abin da ya kwance ya wanke shi da tsohon buroshi, ya jera su a kan buhun bi da bi yadda suka fito, don mayarwa ta zo da sauƙi. Zai zare fulogi ya ɗaga shi wajen haske ya dubi bakinsa. In ruwan ƙasa ne ya gyaɗa kai, in baƙi ne ƙirin da kunkunniya ya ce mai ya yi yawa, in ya yi fari fat ya ce iska ta rinjayi mai, inji yana zafi. Zai zura yatsa cikin bulo ya shafa, ya ce kai ma shafa, ka ji wani ɗan tudu can sama inda zobe yake tsayawa. Tudun nan ne zai gaya muku ko zobba kaɗai za a canza, ko sai an kai bulo an fafe an sa fistin mai ɗan girma. Ka yi tambaya, amma ka bari sai ya ɗago kai. Ranar da babur ya mutu maka a burtali tsakanin gonaki bayan magariba, ba kowa sai kai, za ka san ko fulogi ne, ko mai ne ya toshe, ko waya ce ta saki, kuma da ɗan sifana a ƙarƙashin sirdi za ka koma gida.

Na ce birki ne farko. A kwance ƙafafu biyun a buɗe kwanon birki, a sa sababbin fatu ko da na ciki suna da saura, don wadda ta sha maiƙo da shekaru tana iya ɓallewa. Ƙurar cikin kwanon kada ka hure ta da baki, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, tana da illa ga huhu. Wayar birkin gaba da ta kulochi da ta totur duk a canza. Ba su da tsada, kuma ta cikin kubensu suke tsinkewa sili-sili inda ido ba ya gani. Akwai maganar da ta yaɗu a tsakanin mahaya, wai birkin gaba kayar da mutum yake yi, har wasu su sassauta shi ya zama ado. Kada ka yarda a yi wa naka haka. In an ja birki, nauyin babur da na mahayi gaba yake komawa, saboda haka tayar gaba ce ke yin mafi yawan aikin tsayawa a kan kwalta. Wanda ya dogara da na baya kaɗai, ranar da yaro ya ɓullo daga bayan A Daidaita Sahu, tayarsa za ta ja ƙasa tana ƙara, babur yana ci gaba da tafiya. Abin da ke kayar da mutane shi ne damƙar birkin gaba gaba ɗaya a firgice, musamman a kan yashi ko a cikin kwana, kuma maganin wannan koyo ne.

Taya ba zanenta kaɗai ake dubawa ba. Wadda ta daɗe a jingine robarta ta bushe. Ka matsa gefenta za ka ga ƙananan tsage-tsage. A gefen yawancin tayoyi akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, wato 1219 mako na 12 ne na 2019. Ka koyi karanta ta, don ko a shago akwai sabuwar da ta tsufa a kan kanta. Tub ɗin da ya sha faci a jefar da shi. A ɗaga gaban babur a juya kai hagu da dama a hankali, in yana sarƙewa a tsakiya boris ɗin wuya ya mutu.

Da yawa daga kayan babur ta hannun 'yan kasuwar Nnewi ta jihar Anambra suke iso mana, kuma abu ɗaya za ka same shi aji-aji a shago ɗaya, kwali yana kama da kwali. A murfin gefe ko rigar sirdi ka ɗauki mai arha, ba komai. A birki da taya da boris da sarƙa da baƙin mai kuwa, araha ba ta ado. Baƙin mai ka saye shi a rufe, ka ɓalle murfin da hannunka. Wayoyin wuta da aka yi ta ƙullawa da leda a zare su a sa sababbi, a tabbata fitilar baya da ta birki da sigina da hon suna aiki. Titin Gwarzo da dare tifofin yashi da manyan motoci ne ke bin sa, kuma direban da ya taho da gudu, jar fitilar nan ce kawai za ta gaya masa akwai mutum a gabansa.

In an haɗa inji da sababbin zobba, yana buƙatar lallashi kamar na kilomita 500: ba murɗa totur ƙarshe, ba lodi, sannan a zubar da man farko a sa sabo. Wannan ya zo maka daidai, tunda kai ma lallaɓawar kake buƙata. Soson da ke tace iska kada a cire shi, duk da wasu za su ce cirewar tana ƙara ƙarfi. Ƙurar hunturu in ta shiga inji cinye zobba take yi, don haka a lokacin hazo ka riƙa wanke shi akai-akai. A sa ɗan matacin mai a tiyon tanki saboda ranar da dole za ta sa ka sha a kwalbar 'yan bumburutu. Sarƙa da farantanta masu haƙora tare ake canza su, a bar mata sassauci gwargwadon faɗin yatsa biyu, a mayar da murfinta.

Yanzu sai ƙare-ƙaren da zuciyarka take kai. Ba na ƙin a canza wa babur wani abu. Abin da nake so, duk canjin da za a yi ya sa babur ya ƙara biyayya ga mai koyo. Ka hau ka sauke ƙafafu. In ba sa taka ƙasa sosai, a kai sirdi a rage masa soso, don yawancin faɗuwar mai koyo a tsaye take faruwa, lokacin da ƙafa ta nemi ƙasa ta rasa. A sassauta maƙallan hannun birki da na kulochi a juya su yadda yatsunka za su sauka a kansu ba tare da ka karya wuyan hannu ba. A sa ƙarfen kariyar ƙafa a gaba, wanda in babur ya kwanta shi zai fara taɓa ƙasa, ya hana inji da salansa mai zafi danne maka ƙwauri. A manna jan ƙyalle mai ƙyalli a baya.

Akwai wani canji da zan so ka yi wanda abokanka za su ce ka yi baibai. Su suna sa ƙaramin faranti a baya don babur ya ƙara gudu a kan kwalta. Kai ka sa wanda ya ɗara na asali da haƙori biyu ko uku. Babur zai riƙa tashi cikin sauƙi, ba zai yawaita mutuwa in ka saki kulochi ba, zai ja a yashi da tudu, ƙarshen gudunsa kuma zai ragu. Zai ɗan ƙara shan mai a doguwar tafiya, na sani, amma in hannunka ya faɗa sai a mayar da na asali. Madubai biyun su zauna, ka saba kallonsu tun ranar farko. Babbar fitila a sunkuyar da ita ta haska hanya, kada ta kashe idon mai tahowa. Salansa kuma ka bar ta yadda kamfani ya yi ta. Fafe ta yana rikita ma'aunin mai da iska, inji ya riƙa zafi, ga shi ƙarar za ta hana ka jin motar da ke bayanka, ta hana ka jin injinka in ya fara kuka. Ban da wannan, unguwa akwai mai jego, akwai tsoho marar lafiya, akwai masu sallah da yaran makarantar allo, kuma duk suna da haƙƙi a kanka.

Hular kwano ka sa kuɗinta cikin lissafin gyara tun farko. A ranar 1 ga Janairu, 2009, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa ta, kuma a nan Kano an ga mahaya sun kifa ƙwarya a kai don su wuce jami'ai. Mutane sun yi dariya, amma duk wanda ya taɓa jinyar wanda kansa ya bugu da kwalta bai yi ba. Binciken likitoci ya nuna hula tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 70. Ka je dubiya Asibitin Ƙashi na Dala ka ga samari da ƙarafa a ƙafa. Waɗannan da yardar Allah za su tashi, ƙashi ana ɗora shi, ƙwaƙwalwa kuwa ba a ɗorinta. Na san da zafi a watan bazara. Ka jure, ka ɗaure igiyarta a haɓa, don wadda ba a ɗaure ba tana riga mai ita faɗuwa. Ka sa takalmi rufaffe, ban da silifas, kuma in da doguwar riga ka tattare ta ka zauna a kai, kada sarƙa ta kama.

Lasisin babur ajin A ne, kuma sai mai shekara 18. Ka yi shi, ka yi lamba, ka huta da ɓuya a lungu duk lokacin da ka hango 'yan KAROTA. Ka kuma tuna tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a Kano, garin ya koma hannun A Daidaita Sahu. Kada ka tayar da babur da niyyar ɗaukar fasinja zuwa cikin birni, za a kama shi, wahalarka ta tafi a banza.

Wanda zai koya maka ya zama babba mai sanyin hali, ba abokin da zai ce ka nuna masa kai namiji ne ba. Ku nemi fili mai tauri lokacin da yara suna makaranta. Ka yi addu'ar hawa. Ka fara da tura babur a kashe, ka juya shi, ka tsayar da shi da birkin gaba, har ka san nauyinsa. Sannan a tayar, ka sa giya ɗaya, ka riƙa sakin kulochi a hankali har ka ji inda yake fara kamawa, ka sake matsewa, ka yi ta yi har yatsunka su haddace wurin. In ka fara tafiya, a ajiye duwatsu biyu ka riƙa zagaya su ciki da waje. Idonka ya kasance inda kake so ka je, don babur inda ka kalla yake bi. Mai kallon rami cikin rami yake faɗawa. Daga nan sai koyon tsayawa: a ja layi a ƙasa, ka taho a hankali ka tsaya a kansa da birki biyu tare, kana matsa na gaba kaɗan-kaɗan kana ƙarawa. Wannan kada ka gaji da shi ko ka ga ka iya.

Yashi karatunsa daban ne, kuma hanyoyin gonakinmu shi ne a shimfiɗe. Ka rage gudu kafin ka shiga, in ka shiga ka riƙe totur daidai, ka saki kafaɗa, ka bar kan babur ya ɗan yi rawarsa, kada ka damƙi birkin gaba. Da damina ka kiyayi ruwan farko a kan kwalta, yana taso da maiƙo, kuma kududdufin da ba ka san zurfinsa ba ka bari wani ya riga ka. Bayan fili sai lungunan unguwa, inda yaro da akuya ba sa sallama kafin su tsallaka. Babban titi shi ne ƙarshe, da sanyin safiyar Lahadi kafin ya cika, malaminka yana biye da kai. A nan ka riƙe abu biyu: mai A Daidaita Sahu yana iya tsayawa ko ina da zarar an ɗaga masa hannu, don haka ka ba shi tazara, direban tifa kuma in ba ka hango fuskarsa a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. Tafiyar dare da goyo ka jinkirta su sai ka yi watanni.

Kafin ka kai babur gareji ka sanar da mahaifinka, ka zauna da mahaifiyarka ka gaya mata tsarin nan dalla-dalla, don ita ce za ta kasa barci duk ranar da ka yi dare. In babur ya fito yana sheƙi, za a gayyace ka rakiyar amarya, inda samari ke ɗaga tayar gaba suna sakin hannu a tsakiyar jama'a. Ka je bikin, ka yi wa ango murna, ka bi ayari daga baya. Za a kuma zo aro, ga shi ba ka son a ce ka yi rowa. Wanda ka san ya iya, yana da lasisi, uzuri ya kama shi, ka ba shi tare da hular. Wanda zai koya a kan naka ko ya je yawon nuna kai, ka ce masa Baffa ya hana, in yana da magana ya zo ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar.